Wasiƙun da 'ya'yanmu mata ke rubuto mana

Ni 'yar fari ce, kuma har mahaifiyata ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son kirana sai ta ce "ke", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "waccan" ko "yarinyar nan". Ana yaye ni aka miƙa ni riƙo gidan Goggo, ƙanwar mahaifinmu, a can na yi wayo, sai dai in zo gida da sallah ko in an yi haihuwa. Ban taɓa shakkar son da Inna ke yi mini ba. Na sha ganinta ta ware tsoka mai kyau daga cikin miya ta rufe a kwano, ta kira ƙanwata ta ce, "Kai wa waccan." Amma zama mu biyu, ƙafa da ƙafa, in gaya mata abin da ke cin raina, wannan bai taɓa faruwa ba. Mahaifinmu kuwa daga gaisuwar safe a durƙushe sai "Allah ya yi miki albarka", shi ke nan an gama zancen ranar.

Ina da shekara 14 wata ƙawata ta ba ni aron wani littafi da ta ɗauko haya, bangonsa duk ya yage. A cikinsa na fara cin karo da yarinya sa'ata tana faɗin abin da ke zuciyarta game da mahaifinta, ba a gabansa ba, a gaban mai karatu. Na karanta shi cikin dare da fitilar ƙwai, na yi kuka har Goggo ta farka ta tambaye ni ko cikina ne ke ciwo. Yau na haura shekara 20 ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, ina da 'ya'ya mata uku, kuma abin da na gano tun wancan daren bai canja ba. Littattafan da matanmu ke rubutawa, waɗanda muke yi wa kuɗin goro da sunan littattafan soyayya, da yawansu ba saurayi ne ainihin abokin zancensu ba. Da iyaye suke magana. Wasiƙu ne da 'ya mace ke rubuta wa uwa da uba, saboda an rufe mata ƙofar faɗa da baki. Mu kuwa iyayen mun ƙi buɗe wasiƙun.

Abin ya samo asali tun daga tatsuniya. Duk wanda kakarsa ta yi masa ga ta nan ga ta nanku ya san 'yar bora da 'yar mowa. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa, 'yar bora ce ake korawa ta je ta yi wanki a wani kogi mai nisa, ta bi daji ita kaɗai, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, ta dawo da arziki. Muna yaba haƙurinta, muna zagin kishiyar uwa. Amma ku tsaya ku tambayi kanku, ina uban yake sa'ad da ake tura ƙaramar yarinya daji? Yana nan cikin gidan. Ko dai ya yi shiru, ko kuma da yawunsa aka yi. Akwai kuma tatsuniyar yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo, ta ƙi kowa, ta ƙare a hannun abin da ba mutum ba. Darasin a fili yake: ki karɓi wanda aka ba ki. Tatsuniyoyin nan mata ne ke yin su, da dare, ga 'ya'yansu da jikokinsu, don haka ba zan ce maza ne suka ɗora mana su ba. Iyayenmu mata sun san duniyar da za su tura 'ya'yansu cikinta, sai suka haɗa musu guzurin da suka ga zai tsirar da su, wato haƙuri da yin shiru.

Da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da boko bayan gasar da Baturen nan jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933, duk marubutan da suka yi fice maza ne, kuma 'ya mace a wurinsu ba ta cika wuce abin da ake nema ko ake ƙwacewa ba. A Jiki Magayi, Zainab ce tushen rigimar gaba ɗaya, amma rigimar ta maza biyu ce, Abubakar da ke son ta da Malam Shaihu mai dukiya da ya aure ta. Abin da ya wakana tsakaninta da iyayenta a daren da aka yanke shawara, da abin da uwarta ta ji a ranta, ba shi ne marubutan suka tsaya a kai ba. Sai da aka kwashe kusan shekara 50 kafin littafin mace ya shigo fagen, sa'ad da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulanin da ta kafe a kan wanda take so duk da cewa ba ƙabilarsu ɗaya ba. Daga nan aka buɗe ƙofa, kuma cikin 'yan shekaru Kano ta cika da littattafan da mata suka rubuta, suka buga da kuɗinsu, aka baza a kasuwa da shagunan haya.

A cikin waɗannan mata babu wadda ta taɓa jijiyar maganar kamar Balaraba Ramat Yakubu. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, kuma 'yar babban gida ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, don kada wani ya ce talauci ne kaɗai ke jawo haka. Sai daga baya ta koma ta yi karatun manya. A littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990, mahaifin wata yarinya mai suna Abu ya hana ta makaranta, ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya yi karatu ya ce ba zai auri jahila ba, sai uban, don ya wanke kunyar da ya ji, ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da a shekaru ya isa ya haife ta. Ta gudu Kano wurin goggonta, ta koma karatu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin ba muguntar tsohon mijin ba ce. Uban ne. Ba azzalumi ne da ke ƙin 'yarsa ba. Mutum ne da ya fi jin tsoron bakin mutanen gari a kan hawayen 'yarsa, kuma bai taɓa tunanin cewa akwai wani abu a cikin kan yarinyar da ya kamata ya tsaya ya ji ba. Irin wannan uban na san shi, na zauna da shi a ofis a ranar da ya zo cire 'yarsa daga aji huɗu, yana ta ba ni haƙuri cikin ladabi, yana cewa, "Malama, na riga na ba da ita, ba zan zama ƙaramin mutum ba." Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, ko sau ɗaya bai juya ya dube ta ba. Ban ga alamar rashin imani a fuskarsa ba. Na ga mutumin da ya san in ya dube ta ba zai iya ƙarasa abin da ya zo yi ba.

A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, marubuciyar ta juyo ta ɓangaren uwa. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har babbar 'yarta Saudatu ta auri mai hali. Duk macen da ta karanta ta san wannan ƙawancen na uwa da 'ya da wahala ke haɗawa, inda 'yar ke zama abokiyar shawara tun ba ta isa ba, kuma aurenta ya zama shi ne ƙofar da gida duka ke sa ran fita ta ciki. Nauyi ne babba a kan yarinya, kuma ba kasafai muke kiransa da sunansa ba.

Me muka yi da waɗannan littattafai? Mun ce suna ɓata tarbiyya. An yi ta muhawara a jaridu da rediyo shekara da shekaru, har ta kai a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta a gaban ɗalibai. Ban musa ba, akwai shirme a cikin wasu, akwai ma na batsa da ni ma ba zan bar 'yata ta riƙe ba, kuma yau da littattafan suka koma WhatsApp da Wattpad abin ya ƙaru. Amma da waɗanda suka kunna ashanar sun zauna sun karanta goma daga ciki, da sun ga abu guda yana ta maimaituwa: yarinya a ɗaki tana kuka, an yanke hukunci a kanta a zaure, uwa ta shigo ta ce, "Ki yi haƙuri, ki rufa mini asiri, kin san halin Malam." In dubban 'yan mata da ba su san juna ba, daga Kano zuwa Gusau zuwa Damagaram, suna ta rubuta wannan fage ɗaya suna kuma saye suna karantawa, to ba finafinan Indiya ne suka koya musu ba, kamar yadda ake zargi. A gidajenmu suka gani.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Kuma gaskiya ne, na ga auren soyayya da ya mutu cikin wata uku, na ga auren haɗi da ya kai jikoki. Yarinya 'yar shekara 16 tana iya ruɗuwa da mai daɗin baki da mota ta aro, uba kuwa ya san asalin yaron da halin gidansu. Ba cewa nake yi a miƙa wa yara linzami ba. Amma hangen nesan babba bai hana shi sauraro ba. In har ka hango abin da ba ta hango ba, me zai hana ka zaunar da ita ka nuna mata? Me ya sa hanyar da ta fi mana sauƙi ita ce "in dai ni na haife ki", ko uwa ta ce za ta ɗaga nono ta tsine? Albarkar iyaye ita ce abu mafi tsada da 'ya mace ta mallaka a ƙasar Hausa, kuma mun mayar da ita bulala. Yarinyar da aka tsorata da tsinuwa za ta bi, amma daga ranar ta daina kawo miki damuwarta. Gobe in mijin yana dukanta, ko wani a makaranta yana bibiyarta, ba ke za ta fara gaya wa ba.

Wasu kuma su ce addini ne. A nan ne na fi jin ciwo, domin tarihin da muke alfahari da shi ya ƙaryata su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in Nana Faɗima ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizam ta kawo ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Hadisin da ya ce shirun budurwa shi ne izininta ya zo ne bayan umarnin a nemi izinin nata, domin kunya na iya hana ta cewa "ina so". Mu sai muka tsallake tambayar, muka riƙe shirun. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan ikon uba a mazhabar Malikiyya, ba kuma fagena ba ne, amma ban taɓa jin malamin da ya ce haramun ne uba ya zauna ya ji ta bakin 'yarsa ba.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Mafi girman alaƙar uba da 'ya a adabinmu tana nan a Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ya kuma ja kunnen mata kada su saurari masu yi musu wa'azin biyayyar miji ba tare da biyayyar Allah da Manzonsa ba. Bai tsaya a faɗa ba, ya aikata a gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana yarinya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da ƙaura, amma ba a ce karatunta ya jira a zauna lafiya ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ita ce ta zama ɗaya daga cikin masu adana iliminsa, ta mayar da waƙarsa Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ta tsara tarihin gwagwarmayarsa a waƙar da muka sani da Waƙar Gewaye. Ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, inda take naɗa shugabanni mata da ake kira jaji ta ba su malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta, tsarin da ya ci gaba bayan rasuwarta a 1864. Duk lokacin da na koyar da waƙoƙinta a aji nakan tambayi ɗalibaina, da Shehu ya ɗauki 'yarsa a matsayin amanar da za a yi maza a miƙa wa wani a huta, da wa zai rubuta waɗannan baitocin? Mutanen da suka fi kowa kiran sunan Shehu a wa'azi su ne sau da yawa ba su san ajin da 'yarsu take ba.

Sai dai ina da magana da marubutanmu su ma, musamman na yanzu, kuma ita ce ta fi damuna. Kun ba 'ya mace baki, Allah ya saka, amma har yau ba ku rubuta iyaye a matsayin mutane ba. Uba a yawancin littattafan ko dai Alhaji ne mai tsawa da ba a haɗa ido da shi, ko Daddy mai kuɗi da ke sayen mota ranar zagayowar haihuwa. Uwa ko dai baiwar Allah ce da ba ta da aiki sai kuka a kan sallaya, ko Hajiya mai idon cin naira da ke bin bokaye. Ina uwar da ke son 'yarta kuma take cutar da ita saboda tsoron kada ta sha irin wuyar da ita ta sha? Ina uban da ya yi kuskure ya gane, ya rasa yadda zai buɗe baki ya ce "ki yafe mini"? Mafi muni shi ne salon da ya cika littattafan waya: a yi wa yarinya auren dole da ɗan uwanta mai girman kai, ya wulaƙanta ta babi 40, daga ƙarshe so ya shiga, ta je ta durƙusa gaban uba tana cewa, "Abba, ka yi mini gata, da ban sani ba." Na gane dalilin da ya sa ake son irin wannan ƙarshen, yana kwantar da hankalin kowa. Amma yana gaya wa uba cewa bai yi laifi ba da ya ƙi tambaya, yana kuma gaya wa yarinyar da ke cikin irin wannan ɗakin a zahiri cewa ta ƙara jurewa, daɗin na nan tafe. A ajina na ga waɗanda suka jure, daɗin bai zo ba, suka dawo gida da goyo da takarda.

Akwai wani fage a littafin Mariama Bâ, marubuciyar Senegal, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantunmu da sunan So Long a Letter. Ramatoulaye, bazawara Musulma mai 'ya'ya da yawa, ta gano 'yarta da ke makaranta tana da ciki. Duk abin da aka tarbiyyantar da ita a kai yana ce mata ta yi kururuwa ta kore ta. Ta tuna ranar da ta haife ta, ta jawo ta ta rungume. Ba ta ce abin da ya faru daidai ne ba, amma ta ƙi yarda ta rasa 'yarta a kan laifin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mu ma muna faɗa. Ina jiran ranar da zan karanta irin wannan fagen da Hausa, a tsakar gida irin namu, da kishiya tana leƙe ta labule, da dangin uba suna hanya, a rubuta shi da gaskiya ba tare da an kashe yarinyar a wurin haihuwa don a wanke labarin ba.

Ba na kiran a zubar da kunya. Ita ce ta sa har gobe ba na iya miƙe ƙafa gaban yayan mahaifina, kuma ina son 'ya'yana su gaji wannan. Tsarin da ya sa Inna ba ta kiran sunana ya tanadar mini Goggo, wadda nake kwana a bayanta in gaya mata komai. Dā can yarinya tana da kaka a ɗakin ƙofa, da goggo, da inna ƙanwar uwa, da yaya, kowacce kunne ce. Yanzu mun koma gidajen haya da rukunin gidaje masu katanga, daga uwa sai uba sai yara, kakar tana ƙauye, goggon tana wani gari. Mun bar gidan gandu amma mun taho da shirunsa. Kunnuwan da al'ada ta tanada sun watse, ba mu maye gurbinsu da namu ba, sai waya ta maye.

Ni kaina da nake wannan dogon bayani ban tsira ba. Na ɗauka tun da ina kiran babbar 'yata da sunanta, ina duba mata aikin gida, na gama sauke nauyi. Bara da hutun ƙarshen zango ta kawo mini wani littafin rubutu mai bango shuɗi ta ce, "Umma, labari na rubuta, ki duba mini ƙa'idar rubutu." Na ajiye shi kwana huɗu a kan takardun jarrabawar da nake makawa. Da na buɗe, labarin wata yarinya ne da wani malamin darasin yamma ke yi mata maganganun da ba ta gane kansu ba amma suna tsorata ta. Sau uku a cikin labarin yarinyar tana zuwa ƙofar ɗakin uwarta, uwar tana zaune cikin takardu da jan biro a hannu, ba ta ɗago ba take cewa, "Bari anjima." Babu kuskuren ƙa'ida ko ɗaya a shafukan nan shida.

Na rufe littafin na je ɗakinsu. Ƙannenta sun yi barci, ita tana kwance ta juya wa ƙofa baya, na san idonta biyu. Na zauna a bakin katifar, abin da Inna ba ta taɓa yi mini ba, na rasa ta inda zan fara. Can na ce, "Yarinyar nan ta cikin labarinki, in uwarta ta ajiye biron, me za ta gaya mata?" Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta tashi zaune, ta jawo mayafinta ta rufe kanta, ta ce, "Umma, ba za ki gaya wa Abba yau ba?" Na ce sai mun gama magana ni da ita tukuna. Ta fara.